Daminar Tuwon Kananzir

Bazarar bana ta zo da zafi irin na da. Da azahar ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin rumbu, ni ma sai in ja tabarmata zuwa bakin zaure inda iska ke ɗan ratsawa. A nan nake zaune shekaranjiya jikana Sani ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, yana riƙe da sitiyari ta taga, matasan unguwa na tura masa mota. Wata 'yar ƙaramar mota ce tsohuwa, ta bi hannuwa da yawa kafin ta zo nasa. Gidajen mai sun rufe, ya sayi galan guda wurin 'yan bumburutu, tun daga nan take tari tana shaƙewa.

Na ce, "Angona, dokin naka ya gaji ne?"

Ya ce, "Kaka, ki bar ni da abin da ya dame ni. Gauraya mini suka yi. Ga shi da ma shan mai take kamar ba gobe."

Ya buɗe gaban motar ya zare wata tiyo, man ya tsiyaye a ƙasa mai zafi. Da warin ya taso ban san lokacin da na tofar da yawu ba. Hancina ya san warin nan tun kafin a haifi uban Sani, kuma ba a hanci kaɗai na san shi ba, har a maƙogwaro.

Shekarar da nake faɗa, ana cikin shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ba ta iso Gusau ba tukuna. Ina da ƙuruciyata, na yaye 'yar farina ke nan. Mu huɗu ne a gidan: ni, da ita, da maigidana, Allah ya jiƙansa, da Inna mahaifiyarsa. Jakuna ne sana'ar Malam. Da kaka ya ɗauko auduga da gyaɗa daga Bungudu da ƙauyukan kewaye ya kawo sikeli a Gusau, da damina ya yi noma kamar kowa. Duk gari Mai Jakkai ake ce masa. Inna ma, da yake ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, haka take kiran shi. Jakunan nan ba su taɓa neman komai a wurinmu ba sai kara da dusa, kashinsu kuma ya tafi gona.

A wurin sikelin ya saba da direban wani Bature mai sayen auduga, har ya koyi tuƙi. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya sa 'yar tsohuwar motarsa a kasuwa. Baƙa ce, ƙafafunta dogaye sirara kamar na zalɓe, da rumfar tamfol a sama. Ba ta tashi sai an zura mata wani lanƙwasasshen ƙarfe ta hanci an yi ta juyawa. Masu kuɗin gari duk suka zo suka duba suka wuce. Malam kuwa ya kaɗa jakunansa kaf ya kai kasuwa.

Ran da ya kawo ta sai da aka kwance dangar gida kafin ta shiga. Inna ta fito ta zagaya ta, ta tsaya daga nesa.

"Mai Jakkai, wagga mi taka ci?"

"Ba ta ci, Inna, sha taka yi. Hetur."

"Ina aka noma shi?"

"Ba a noma shi. Daga bakin teku aka kawo shi."

Inna ta dubi motar, ta dubi rumbu, ta ce, "To, Allah shi kyauta," ta koma ɗaki. Ta san abin da ta duba. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, hatsin da muka zuba bai kai wuyan rumbu ba.

A zamanin babu gidan mai, babu famfon da za a ɗura maka. Fetur a garwa yake zuwa, bibbiyu cikin akwatin katako, wani lokaci a babbar mota, wani lokaci a bayan raƙumi, sai a je kanti a saya. Abin da ake bayarwa a karɓo garwa guda kuwa ya isa ya ciyar da gidanmu kwana da kwanaki. Da rani Malam ya riƙa ɗaukar 'yan kasuwa tsakanin Gusau da Bungudu, mutane na rububin shiga don a ce sun shiga mota. Amma duk abin da ta samo, ita ke shanye shi. Daga nan tsimi ya fara, kuma daga nan wahalata ta fara.

Ya samo wani karan dawa ya yi masa tsage-tsage da wuƙa. Tankin man yana ƙarƙashin kujerar direba ne, to kafin ya fita sai ya ɗaga kujera ya tsoma karan, in ya dawo ya sake tsomawa kafin ya tambayi lafiyar kowa. In ya zaro ya ga inda jiƙar ta tsaya, daga fuskarsa nake gane ko ranar za a yi hira ko ba za a yi ba. Direban Baturen ya taɓa ce masa nauyi ne ke shan mai, sai ya cire kujerar baya ya shimfiɗa tabarma. Ya cire ƙofofi. Ya cire rumfar tamfol, wai tana tare iska, Inna ta samu abin shanyar kuɓewa. In ya zo gangara sai ya kashe inji ta sulala da kanta, in ya zo hawa sai ya ce kowa ya sauka. A bakin gulbi mata suka ba ni labarin wani mai sayar da goro, ƙaton mutum, da aka sauke shi a hawa na uku kafin Bungudu, ya ce, "Malam, kuɗin mota na biya ko kuɗin rakiyar mota?" Suna dariya, ni ina sunkuyar da kai ina cika tulu.

Da bazara ta kama sai ya gano wani sabon abu: wai zafi ma na shan mai ko da motar tana tsaye. Ya zaga gidan yana neman wuri mai sanyi, bai samu ba sai ɗakina. Ya haƙa rami a ƙarƙashin gadona ya binne garwa zuwa wuya, ya rufe da buhu, ya ce kada buhun ya bushe.

Na ce, "Malam, da wane ruwa?"

Ya ce, "Kulu, ɗan yayyahi ne kawai."

Rijiyoyin unguwarmu sun ƙafe a lokacin. Gulbi ya zama rairayi, sai an tona. Da an yi sallar asuba zan ɗauki tulu in bi mata, mu tone rami da hannu da sakaina, mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo, mu riƙa kwalfa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan don kada ya gurɓace. Tulun farko na mota ne, don ita ma tana da nata cikin na ruwa, kuma kafin ta je Bungudu ta dawo ta tafasa shi ta busar. Tulu na biyu na buhun garwa ne da alwala. Sai na uku ne namu, lokacin rana ta riga ta fito, rairayin na ƙona tafin ƙafa kamar toka mai wuta. In na dawo in yi surfe, in yi daka, sannan in nufi murhu. Murhun ma an kore shi. Malam ya ce wuta da fetur ba sa zama wuri guda, ya kwashe duwatsun daga inuwar itacen bedi ya kai su can ƙarshen gida kusa da turken akuya, inda babu ko inuwar kara. Fitila kuwa an hana ta shiga ɗakina. Haka zan kwanta a kan warin nan, in tashi kaina na sarawa.

Yanzu nakan ji jikokina mata suna ƙorafi in famfo ya yini bai kawo ba. Kowa da zafin da ya sani.

Rumbu ya yi ta sauka. Da farko tuwo safe da dare, sai ya koma na dare kaɗai, da safe kunu. Sai kunun ya fara tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya. Muka shiga kwaɗon zogale da garin ɗorawa, Inna na fasa ƙwallon goriba tana ba yarinya ta tsotsa. Abin da ya riƙe yarinyar shi ne nonon akuyata, wadda na zo da ita daga gidanmu a Tsafe. 'Yan kasuwa ma suka rage shiga mota, kowa ya koma tafiya a ƙasa, abin hannunsa na hatsi ne.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, da iska da ƙanshin ƙasa. Gari ya fita gona, mu ma muka fita, Malam na sara da sungumi, ni da Inna muna bin shi muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro kore shar, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mu kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Muna kallo shukar ta lanƙwashe, ta yi ja, ta koma kamar gashin masara. Aka ɗan yi yayyafi muka sake shukawa da ragowar irin, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Iri ya ƙare. Wanda ke kasuwa kuwa ba mai taɓa shi sai mai ƙarfi.

Ana haka wani falke ya kawo saƙo daga wana, Yaya Gado, a Tsafe. Ya ce su can ruwa ya zauna, shukarsu ta kama, yana da ragowar irin gero, kuma zai iya ba mu buhun dawa daga tsohon rumbu. Amma mu yi sauri, don in ruwa ya dawo mana ba mu da abin jefawa a ƙasa, shekarar ta wuce mu.

Malam ya miƙe tsaye. Wannan ce ranar da yake jira. "Kin gani? Da jakkai ne, kwana nawa za mu yi? Da mota, mu tahi da sahe mu kwana gida."

Sai dai karan nan ya ce man da ya rage zai kai mu, ba zai dawo da mu ba. Kanti kuwa babu ko garwa guda, don da damina ta kama manyan motoci suka daina zuwa. Ya yini yana yawo, da yamma ya dawo ya ce ya samu wani mutum a bayan rumfar maƙeran fari yana da garwa ɗaya, a liƙe da dalma yadda ta fito, wai daga wata babbar mota da ta lalace ya samo. Mutumin ba ya son alkawari, sai abin hannu. Malam ya faɗi haka, sannan ya juya yana kallon turke.

Na gane. Na ce, "Akuyata?"

"Kulu, iri ne hwa."

Ni da kaina na kwance ta na miƙa masa igiyar.

Muka bar yarinya wurin Inna muka kama hanya da sassafe. Ba zan ɓoye ba, ranar ce na fara shiga motar, kuma na ji daɗi. Iska na kaɗa mini mayafi, itatuwa na gudu da baya, masu tafiya a ƙasa na darewa suna ɗaga hannu. Har na fara tunanin ko na zalunci mutumin nan a zuciyata. Muka wuce duwatsun Kwatarkwashi, ƙasa ta fara yin kore, kafin rana ta take mun isa Tsafe. Unguwarmu ta fito kaf. Yaya Gado ya auna mana iri a wata 'yar jakar fata, ya ɗora buhun dawa, matarsa ta ƙara da ƙullin kuka da daddawa. Ya dubi gabas ya ce, "Malam, kada ku zauna. Wanga hadarin na yau ba na wasa ba ne."

Malam ya huda sabuwar garwar ya tuttula rabi a tanki ta mazurari. Motar ta tashi, don akwai sauran mai na kirki a cikinta. Mun yi nisa lafiya. Muna hango duwatsun Kwatarkwashi sai ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, wani farin hayaƙi mai yaji ya turnuƙe mu, ta yi gaba da tsalle-tsalle kamar ɗan maraƙi, sannan ta yi shiru.

Ya sauka ya juya ƙarfen nan. Ya juya, ya juya, har rigarsa ta manne a baya. Sau ɗaya ta yi kamar za ta kama, ƙarfen ya dawo ya buge shi a hannu. Ya shiga ƙarƙashinta ya buɗe wani ɗan famfo, ya tara tafin hannu, ya fito yana shinshinawa. Ya miƙo mini.

"Mi kika ji?"

Na ce, "Fitila nake ji."

Kananzir ne, an ɗan zuba fetur a sama don wari. A tsakiyar tafin nasa kuma ga wasu ƙwayoyi suna birgima ba su haɗu da man ba. Ruwa. An huda gindin garwar an zuƙe, an cika da abin da aka ga dama, an sake liƙewa. Na tuna akuyata, na tuna yarinya, na zauna a bakin hanya na rufe fuska da mayafi. Ba kuka na yi ba. Ƙirga numfashi nake don kada in yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Malam dai bai karaya ba, wannan kam halinsa ne. Ya tsiyaye duk abin da ke tankin a cikin tasar da na zo da ita. Ya ce direban Baturen ya gaya masa ruwa ba ya ratsa ƙyalle mai kauri in mai ya riga ya jiƙa shi. Muka gwada ɗankwalina, komai ya wuce. Sai ya cire jar dararsa, wadda ya saya ranar da ya sayi motar, wadda ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kai. Ya kifa ta a bakin mazurari, ni ina zubawa a hankali, man na ɗiga jajir da rinin hular, ruwan na taruwa a ciki yana zubarwa. Ragowar rabin garwar kuwa na ce ya zubar da ita, ya ce a'a, ko ba komai kananzir ne, ya yi fitila. Ya toshe bakinta da totuwar masara ya cusa ta a jikin buhun dawa don kada ta faɗi.

Ruwan ya fita, amma kananzir ba ya kama wuta in inji ya huce. Sai turi. Wasu manoma da ke zaune a gindin tsamiya da sungumansu suna jiran hadari suka taso, suka tura ta a gangara, ta yi ta shaƙewa, can ta kama da wani irin kuka. Na ruga na ɗare. Tafiyar ba ta fi ta mai sassarfa ba, hayaƙin kuwa har idona na zubar da ruwa. Da muka zo wani hawa sai ta fara mutuwa, wai in man ya yi ƙasa ba ya gangarowa zuwa inji in hancinta na sama. Malam ya juya ta, ya ce in sauka, ya hau tudun da baya-baya, wuyansa a murɗe, kansa babu hula. Ni ina biye da ƙafa. Wasu mata masu itace suka ajiye kayansu suka riƙe ciki. Ɗaya ta ce mini, "Yarinya, zuwa kuke ko dawowa?"

Tana rufe baki iskar ta iso. Sanyi ya bugo, ƙasa ta tashi, sama ta yi baƙi ƙirin, sannan ruwa ya sauko kamar ana juye randa. Ruwan da muka yi ta roƙo ke nan, ga shi ya same mu a fili cikin motar da aka cire wa rumfa don tsimin mai. Na cusa jakar iri a cikin zanena, na ja tabarma na rufe buhun dawa, na kwanta a kai rub da ciki. Ruwa na dukan bayana, ina jin Malam na lallashin mota kamar mai lallashin jaki. Haka muka ja har bakin wani rafi da muka tsallake a bushe da safe. Yanzu ya cika yana tafe da kara da itace. Nan ta mutu, mutuwar da ba ta sake tashi ba a wannan daminar.

Wani manomi da gidansa ke kusa ya ba mu masauki. Da gari ya waye rafin ya sauka zuwa gwiwa, ƙasa ta jiƙu sharkaf, ko'ina sai ƙarar sungumi. Na ce wa Malam ya tashi mu tafi, a bar motar a hannun mai gidan.

Ya ce, "Ba ni barin ta, Kulu. Kahin in dawo an kwance ta."

"To gonar fa?"

"Bari rana ta ɗan yi, in ta bushe tana tashi."

Na dube shi. Na ɗaure zanena, na ɗora jakar iri a ka, na tsallake rafin. Tun da nake ban taɓa yin tafiya ni kaɗai ba tare da izninsa ba, ranar ma ban jira ba, shi kuma bai kira ni ba. Na bi wasu mata masu kai nono Gusau. Laka na kama ƙafa, cikina babu komai sai kunun da aka ba ni, duk gonar da na wuce mutane sun yi layi suna shuka, ni kuma ina ƙara sauri. Ban shiga gida ba sai da rana ta take.

Inna ta ga ni kaɗai, ta ga jakar. Ba ta tambaye ni ɗanta ba. Ta goya yarinya, ta ɗauki sungumi ta ce, "Mu tahi." Tsohuwa da sungumi! Maƙwabcinmu na gona da 'ya'yansa sun gama tasu, da suka hango mu suka tsallako ba tare da an roƙe su ba. Suna sara muna jefawa, har rana ta faɗi. Washegari muka ƙarasa. Daren ranar aka sake yin ruwa, mai laushi, irin wanda ke shiga ƙasa.

Sai a rana ta uku Malam ya iso. Takarkarai biyu ke jan motar da igiya, shi yana zaune a kan sitiyari, yaran gari na biye. Ya rame, tafin hannunsa duk ya saɓule saboda juya ƙarfe. Daga baya na ji wurin masu takarkaran cewa ko tsabar dawa bai taɓa ba a hanya, wai ta gida ce. Na ɗebo masa ruwa, na dafa masa ganye na gasa masa hannun, fushina ya fara sauka.

Sai na kwance bakin buhu.

Wajen tsallake rafin garwar nan ta kife, totuwar ta fice, rabin garwa na kananzir ya shige cikin dawa. Abin da na kwanta a kai ruwa ya dake ni don kada ya jiƙe, ga shi ya sha abin da ya fi ruwa. Na kira Inna, ta sa hanci, ta ja da baya.

"Mai Jakkai, ka ce ba ta ci. To ga shi ta sa mu mun koma sha irin nata."

Ba mu da wata dawar, ba mu da hanyar samun wata. Na wanke ta da ruwa, na wanke da toka, na shanya duk ran da rana ta fito, na surfe ta sau biyu har ta kusa ƙarewa a dusa. Wadda ke can gefen buhu da abin bai kai sosai ba na ware wa yarinya. Sauran muka ci. In ana tuƙa tuwo, maƙwabta su san mun ɗora. Na zuba daddawa, na zuba barkono har hawaye, na yi miyar yakuwa mai tsami, duk a banza, yana nan a ƙasan harshe. Kaji ma in na watsa musu dusar sai su tsattsaga su bar ta. Mu kuwa haka za mu yini a gona muna noman farko, muna maimai, cikin ruwa da sauro, mu dawo mu zauna gaban akushi, kowa ya toshe numfashi ya haɗiye. Malam ne kaɗai ke cewa, "Yau kamar ya ragu." Motar tana nan a tsakar gida, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, wata kaza ta yi ƙwai a inda kujerar baya take.

Geron Tsafe ya yi. Da yake ya shiga ƙasa a kan lokaci, ya tashi da ƙarfi, ya fitar da kai dogo, ya cika. Ran da aka fara yanko shi ban jira ya gama bushewa ba. Na sussuke, na surfa, na daka, na dafa fura, na samo nono wurin matan Fulani da musayar tsaba. Na dama a sabuwar ƙwarya, muka zauna a inuwar bedi mu duka.

Inna ta sha ludayi guda, ta riƙe a baki, ta haɗiye a hankali. Ta ƙara. Can ta yi gyatsa, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai na yi gyatsa ban ji tsoron wuta ta kama ni ba."

Malam ya yi dariya har da hawaye, ni ma na yi, rabona da dariya har na manta. Ya karɓi ludayin ya sha, ya lumshe ido, ya ce bai taɓa shan fura irin wannan ba. Ya sake cika shi. Sai na ga idonsa ya tafi wajen motar, daga nan ya koma kan dammunan geron da ke jingine a jikin rumbu.

"Kulu," ya ce, "an ce in jirgi ya iso baɗi, hetur arha zai yi. Yanzu in munka hid da dami biyu kacal..."

Na miƙa hannu na karɓe ludayin.